Tsohon Gida, Tsohuwar Waya, Sabon Kaya

  Maganarmu ta yau a kan wutar lantarki ce. Kukan ɗauke wuta da tsadar kuɗinta kullum ana yin sa, yau bari mu ajiye shi gefe mu shiga cikin gida, mu leƙa saman silin da jikin bango, mu tambayi lafiyar wayar nan da ta shekara 30 ko 40 tana rarraba mana wuta ɗaki-ɗaki.

Bahaushe ba ya wasa da gyaran gida. Da zarar hadari ya fara haɗowa daga gabas, za ka ga magidanci ya kira magini a yi yaɓe, a gyara indararo, a toshe inda kwano ke yoyo. Idan biki ya taso a yi fenti, a shimfiɗa tayil, a canza labule. Duk abin da ido ke gani yana samun rabonsa. Wayar wuta kuwa, tunda a ɓoye take, sai a bar ta yadda kaka ya sa aka ja ta. Abin da nake so mu amince da shi yau shi ne, waya ma tana tsufa, kuma akwai iyakar nauyin da za ta iya ɗauka. Gyaranta yana cikin gyaran gida, kuma shi ya kamata ya riga fenti da tayil, domin rayukan mutanen gida na rataye da ita.

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, a 1972 kuma aka kafa NEPA. Gidaje masu ɗimbin yawa a cikin biranen Kano, Zariya, Katsina, Sakkwato da Bauchi, a shekarun 1970 da 1980 aka ja musu wuta. Tun daga lokacin abubuwa da yawa sun sauya. NEPA ta koma PHCN a 2005. A 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, KEDCO ta karɓi Kano da Katsina da Jigawa, kamfanin Kaduna ya karɓi Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kabi. Mita ta koma mai kati, taransifomar unguwa an canza ta ba sau ɗaya ba. To amma hurumin kamfani a bakin mita ya tsaya. Daga mita zuwa cikin ɗaka nauyin mai gida ne, kuma a gidaje da yawa nan ne wurin da ba a taɓa taɓawa ba.

Mu yi ɗan lissafi tare, mai sauraro. Lokacin da aka yi wayarin ɗin gidan, me ke cikinsa? Ƙwan fitila biyar ko shida masu wat 60, fanka biyu, da rediyo. Duka-duka wajen wat 500. A wutarmu ta bolt 230, wannan bai wuce amfiya 2 da ɗoriya ba. Yau fa? Dutsen guga shi kaɗai yana cin wat 1,000 zuwa 2,000. Hitar dafa ruwa haka. Injin famfo mai ƙarfin doki ɗaya wajen wat 750. Ga firji, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga talabijin a kowane sashe. Gidan da mutum goma ke ciki ya koma na mutum talatin, an yanki tsakar gida an yi wa yara ɗakuna, an fasa zaure an fitar da shago mai firiza da cajin waya. Idan aka haɗa, nan da nan za a kai wat 5,000, wato fiye da amfiya 20. Wayar kuwa ita ce dai ta jiya. An ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ga abin da ke faruwa a cikin wayar. Duk wutar da ta bi ta cikin waya tana haifar da zafi, kuma zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin. Idan ka ninka nauyin sau biyu, zafin sau huɗu zai ninku. Idan ka ninka sau uku, zafin ya zama sau tara. Robar da ke lulluɓe da wayoyin gida an yi ta ne ta jure zafin da bai wuce digiri 70 ba. Sai ka tuna yadda cikin silin yake ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, kafin ma a kunna komai. Shekara da shekaru robar tana gasuwa, ta bushe, ta tsattsage. Ɓera ya zo ya ƙara nasa. Ranar da wayoyi biyu tsirara suka haɗu, sai tartsatsi, ga busasshen katako, ga ƙura, ga sheƙar tsuntsu. Abin da ya sa gobarar lantarki ta fi yin ɓarna ke nan: daga sama take farawa, inda ba mai gani, kafin a ankara silin ya rufto.

Wuri na biyu da wuta ke tashi shi ne mahaɗa. Duk sanda aka ƙara ɗaki, sai a nemi waya mafi kusa a feƙe ta, a murɗa sabuwa a kai, a naɗe da tef, wani lokaci ma da leda. Mahaɗar da ba ta ɗauru sosai ba tana yin zafi ko da kayan da aka jona ba su da yawa. Haka soket ɗin da ya saki, da fulogin da sai an tokare shi da tsinke, da wayar da aka cusa tsirara cikin soket aka danne da ashana. Kowannensu murhu ne ƙarami da ke jiran ranarsa.

To ina mai gadin da aka sa ya hana wannan? Shi ne fis. Siririyar waya ce da aka auna, aka yi ta don ta narke ta katse wuta idan nauyi ya wuce kima. Tsinkewar fis gargaɗi ne, yana gaya maka cewa akwai matsala a gaba. Mu kuwa idan ya dame mu da tsinkewa, sai mu samo waya mai kauri, ko ƙusa, mu maye gurbinsa, mu ce mun huta. Daga ranar babu sauran mai gadi. Abin da zai narke yanzu shi ne wayar cikin silin. Ko fulogin nan mai ƙafa uku da muka gada daga tsarin Ingila, akwai ɗan fis a cikinsa wanda bai wuce amfiya 13 ba, wato wajen wat 3,000. Wanda ya jona dutsen guga da hita da firji a kan doguwar jona guda ɗaya, yana iya zarce wannan iyaka.

Sau da yawa gida kan yi gargaɗi kafin ya kama wuta. Uwargida, ke kika fi kowa zama a gida, ke za ki fara lura. Idan kika ji ƙaurin roba ba ki san daga ina ba, idan bakin soket ya yi baƙi ko ya yi ɗumi a hannu, idan fitila na dushewa duk sanda firji ya tashi, idan makunni na yin ƙara ko tartsatsi, idan jikin firji ko famfo ko ƙofar ƙarfe na ɗan jan mutum, kada ki bari a ce ai haka yake yi. A kashe wutar wannan sashe, a kira mai gyara a ranar. Musamman da damina, bangon ƙasa idan ya sha ruwa yana ɗaukar wuta, kwanon rufi ma haka, igiyar shanya ta ƙarfe da aka ɗaura a jikinsa ma haka.

Wannan ya kawo mu ga abu biyu da yawancin tsofaffin gidajenmu ba su da su, alhali su ne ke tsakanin mutum da ajali.

Na farko shi ne atin. Waya ce ta uku, koriya ko mai ratsin kore da rawaya, wadda ke haɗa jikin duk kayan ƙarfe da sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Idan wuta ta ɓalle ta taɓa jikin firji, ta wannan hanya za ta gudu ƙasa. Idan babu ita, hanyar da ta rage ita ce jikin wanda ya taɓa firjin, galibi yaro mara takalmi da ya zo shan ruwa. A gidaje da yawa soket ɗin mai rami uku ne, amma in ka kwance shi waya biyu ce kacal a baya. A wasu kuma akwai sandar, sai dai tsatsa ta cinye mahaɗarta tun tuni. Ƙasarmu ta Arewa tana bushewa ƙayau da rani, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta da kyau, saboda haka ganin sanda a ƙasa bai isa shaida ba, sai an auna da na'ura.

Na biyu ita ce na'urar katse wuta idan ta yi yoyo, wadda masu sana'ar ke kira RCD ko ELCB. A nan a saurara da kyau, domin mutane da yawa suna ɗauka idan sun cire fis sun sa bireka, an gama. Bireka waya take karewa. Ba za ta faɗi ba sai wuta ta wuce amfiya 10 ko 20 ko 30, gwargwadon girmanta. Zuciyar ɗan Adam kuwa, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba ya isa ya hargitsa bugunta. Ke nan mutum zai iya mutuwa a jikin waya bireka tana tsaye ba ta motsa ba. Ita RCD aikinta auna wutar da ta shiga da wadda ta dawo. Da ta ga miliamfiya 30 ta ɓace, ta san ta bi wata hanya, sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Kuɗinta bai kai na wayar salula mai kyau ba. Tana da maɓallin gwaji a jikinta, a riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni, in ba ta faɗi ba a canza ta.

Hunturu shi ne lokacin da ya fi haɗari. Iska ta bushe, komai ya bushe, kowa na son ruwan zafi da asuba. Hitar nan da ake tsomawa cikin bokitin roba ta raba iyalai da yawa da gidajensu da 'ya'yansu. Yadda abin ke faruwa sananne ne. An jona hita, aka ɗauke wuta, aka manta ba a zare ba, aka kwanta ko aka fita unguwa. Cikin dare aka kawo wuta. Ruwa ya tafasa ya ƙone, bokiti ya narke, ledar ɗaki ta kama, katifa ta karɓa. Dutsen guga ma haka yake yi. Saboda haka doka ɗaya ta zama ta kowa a gida, babba da yaro: da an ɗauke wuta, a zare hita da dutsen guga kafin a nemi tocila. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori al'umma da kashe wuta kafin kwanciya barci. A wancan zamani fitila ce da murhu, a namu har da abin da ke jone a soket.

Dawowar wuta ma tana da nata haɗarin. Wani lokaci ta zo da rauni, injin firji da na famfo su yi ta gurnani suna jan wuta fiye da kima har su ƙone. Wani lokaci kuma, idan wayar nutural ta tsinke a layin unguwa, wutar da ke shiga gida tana iya hawa har ta doshi bolt 400, ƙwai su fashe, talabijin ta yi hayaƙi. Akwai ƙaramar na'ura da ake sawa a akwatin wuta, mai katsewa idan ƙarfin ya hau ko ya sauka, ta kuma jinkirta kafin ta maido. Ta cancanci kuɗinta. Sai ɗabi'ar nan ta canza layi da hannu, a zare fis daga wannan rami a soka a wancan cikin duhu. Mai layi uku ya sa makunnin sauya layi na gaskiya, a daina tura yara wannan aiki.

Yanzu gidaje da yawa na da janareta ko sola, kuma an ɗora su ne a kan tsohon wayarin ɗin nan. Wanda ya jona janareta kai tsaye a soket ba tare da cenji-oba mai raba gidan da layin gari ba, ya sani wutarsa tana fita ta bi layin gari. Taransifoma tana aiki gaba da baya, tana iya ɗaga wutar nan zuwa bolt 11,000, ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara da yaƙinin layin a kashe yake. Wannan ɗaukar rai ne. Hayaƙin janareta kuma yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Tsoron ɓarawo kada ya sa a shigar da janareta zaure ko baranda a rufe ƙofa. Waje ne wurinsa, nesa da taga. Kada a zuba masa fetur yana aiki ko yana da zafi. Masu sola kuma su tabbata akwai fis ko bireka tsakanin batir da inbata, wayar ta zama mai kauri, batiran kuma a wurin da iska ke ratsawa, domin batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji. Ƙarƙashin gado ba ma'ajiyar batir ba ne.

Na san abin da ke ran mai sauraro: ana fama da abinci, ina kuɗin sake wayarin? Gaskiya ne, jan ƙarfe ya yi tsada. Amma ba dole a yi komai rana ɗaya ba, a bi shi daki-daki. Da farko a kira ƙwararre ya zagaya gidan da na'urar awo, ya faɗi inda ya fi muni. Na biyu, a cire tsohon allon fis na katako, a sa akwatin bireka mai RCD, a kafa atin. Wannan kaɗai ya rage haɗari mai yawa. Na uku, manyan kaya kamar na'urar sanyaya ɗaki da injin famfo da hitar banɗaki, a ja wa kowanne layinsa daga akwati. Na huɗu, a canza ƙonannun soket, a ƙara yawansu don a rabu da doguwar jona, a sa duk mahaɗa cikin akwatinta mai murfi. Daga nan sai a riƙa sake waya sashe-sashe, a cikin bututun roba, a fara da ɗakunan kwana. Ko canza tsofaffin ƙwai masu wat 60 zuwa na zamani masu wat 9 yana sauke wa waya nauyi, ya sauke wa aljihu.

Wajen sayen kaya a buɗe ido. Fitilu waya mai kaurin milimita 1.5 suke so, soket 2.5, manyan kaya 4 ko 6. Kasuwa cike take da jabu: wata alminiyam ce aka shafa mata ruwan jan ƙarfe, wata an rubuta 2.5 amma cikinta bai kai ba. Ka kankare bakin wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki, ajiye ta. Ka nemi mai tambarin hukumar SON, ka saya a shagon da za ka iya komawa. Araha ba ta ado, a harkar wuta kuwa tana iya cin gida. Haka wajen zaɓen ma'aikaci. Riƙe abin gwaji da filaya bai mai da mutum mai wayarin ba. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA a Najeriya, wadda aikinta ya haɗa da duba ayyukan lantarki da ba masu sana'ar takardar shaida. Ka tambayi mai aikinka shaidarsa, ba cin fuska ba ne. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke shan wutar NIGELEC, maganar duk ɗaya ce, sai dai a kula soket ɗin can tsarin Faransa ne, kayan da aka sayo daga Kano a sa musu fulogin da ya dace, a daina karya ƙafa ana cusawa da ƙarfi.

Akwai inda matsalar ta fi kuɗi wuya, wato gidan gado da gidan haya. A gidan gado kowa na shan wuta, ba wanda ya ɗauki wayar a matsayin tasa. Yaya ya ja nasa layi, ƙane ya ja nasa a kan na yaya. Gobara kuwa ba ta san rabon gado ba, daga ɗaki ɗaya za ta tashi ta cinye na kowa, a tsofaffin unguwanninmu ma har da na maƙwabta, ga lungu ya yi ƙunci motar 'yan kwana-kwana ba ta iya shiga. Babban gida ya tara 'yan'uwa a yi karo-karo, kamar yadda ake yi idan katanga ta faɗi ko za a aurar da yarinya. Mai gidan haya kuma ya ji tsoron Allah. Wanda ya karɓi kuɗin haya ya karɓi amanar rayuka. A Ingila, tun 2020 doka ta wajabta wa masu gidajen haya su sa a duba wayarin aƙalla duk shekara 5. Mun ɗauki tsarin soket ɗinsu, babu abin da zai hana majalisun jihohinmu su ɗauki irin wannan doka, su fara da gidajen haya, makarantun kwana, makarantun allo da asibitoci. Masu unguwanni da limamai su ma suna da rawar takawa, tunatarwa ɗaya a masallaci kafin shigowar hunturu za ta kai inda takardar gwamnati ba ta kaiwa.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa, Allah ya kiyaye, a san abin yi. Kowa a gida, har matan aure da yara masu wayo, ya san inda babban makunni yake, kuma kada a tare shi da kaya. Wutar da ta tashi daga lantarki ba a watsa mata ruwa sai an katse layi. A yi amfani da yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda. Wanda wuta ta kama, kada a taɓa shi da hannu, a kashe makunni ko a ture shi da busasshen itace, a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin illar tana iya kasancewa a zuciya. A fitar da mutane kafin kaya. A kira 'yan kwana-kwana tun wutar tana ƙarama, lambar gaggawa a Najeriya ita ce 112. Tagogin da aka yi wa ƙarfen tsaro kuma, a bar ɗaya mai buɗewa daga ciki.

Mun yi imani da ƙaddara, kuma addininmu bai ce mu bar sababi ba. Fis ɗin da aka ɗaure da ƙusa, da hitar da aka bari a jone, da atin ɗin da ba a kafa ba, duk aikin hannunmu ne, kuma gyaransu yana hannunmu. Saboda haka, maigida, cikin makon nan ka tsaya gaban allon wutar gidanka ka duba abin da ke cikin fis, ka shafa soket ɗin da aka fi jona wa kaya ka ji ko yana ɗumi, ka tambayi iyalinka ko akwai abin da ke jan su. Abin da ka gano, ka kira wanda ya san aikin, ka ware masa kuɗi kafin na fenti.

Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu daga gobara, ya jiƙan waɗanda ta yi ajalinsu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri.